Haƙƙin Ƴar'uwa Bayan Tiyatar Ciwon Dajin Mama

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaba, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ƴan'uwa muridai, matar da aka cire wa mama saboda ciwon daji, a Yamai ko a Damagaram, takan dawo gida da miki biyu. Ɗaya a jiki: zafin ɗinki, sanƙarewar kafaɗa, wani lokaci hannu ya kumbura don an cire kaluluwar hammata, har daka da ɗaukar tulu su gagare ta. Ɗaya a zuciya: kunya, rashin barci, tsoron dawowar ciwon, da fargabar miji ya juya mata baya.

Shari'a ta sauƙaƙa mata. In ruwa zai cutar da mikin, ta yi shafa bisa bandeji. In tsayuwa ta gagara, ta yi salla a zaune. Ta ja wuridinta gwargwadon iko.

To mu fa? Miji ya tuna zukata Allah yake dubawa, ya ƙara kusantar ta da magana mai daɗi. Matan zawiya su raba aikin gidanta, su zauna su saurare ta. Kada a ce kukanta rashin tawakkali ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma haƙurinsa kyakkyawa ne. Kada a hana ta komawa wurin likita da sunan rubutu ya wadatar. A haɗa addu'a da magani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, albarkar Annabi. Amin.