Idan Mai Gyaran Jarrabawa Ne Ya Yi Kuskure

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa Musulmi, ga mas'ala: saurayi daga Shagari ko Bodinga ya zauna jarrabawar neman aikin gwamnati, ya ba da amsa daidai, amma takardar amsoshin da hukuma take gyara da ita ce ke da kuskure, aka kayar da shi. Idan ya kai ƙara, ya saɓa wa tawakkali?

A'a. Mai gyaran jarrabawa alƙali ne, alƙali kuwa ɗan Adam ne. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya umarci Abu Musa al-Ash'ari da ya warware hukuncinsa na jiya idan gaskiya ta bayyana masa yau. A wasiƙar nan kuma ya ɗora wa mai ƙara kawo hujja, saboda haka zargi kawai ba ya isa. Kusan haka Kotun Ƙoli ta Indiya ta yanke a 1983, a shari'ar jarrabawar shiga kwalejojin likitanci da Jami'ar Kanpur ta shirya: amsar hukuma tana tsaye har sai an nuna kuskurenta ƙarara. Aka nuna, ɗalibai suka sami haƙƙinsu.

Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna Bodinga lokacin da Shehu yake Sifawa, ya wallafa Liya'ul Hukkami domin shugabanni su tsare adalci. Hukumar da ta ga kuskurenta ta ƙi gyarawa don kunya ta ci amana sau biyu: ta hana mai haƙƙi abincinsa, ta ɗora wa talakawa wanda bai cancanta ba.

Allah Ya sa mu dace, amin.