Mai Kewar Tuwon Kaka, Nawa Ka Bari na Cefane?

Duk majalisar da magidanta ke zama bayan sallar isha'i, in an gama da siyasa da tsadar man fetur, sai hira ta gangaro kan abinci. Wani ya tuno miyar kukar kakarsa, wadda ƙamshin daddawarta ke tarar mutum tun daga zaure. Wani ya kawo zancen dambu da zogale, wani burabusko da miyar taushe ranar sallah. Daga nan a yi tsaki, a ce matan yanzu ba su iya girki ba. Sai kuma a aiki yaro wurin mai shayi ya karɓo wa kowa Indomie da ƙwai.

Ban musa cewa girkin gida ya ja baya ba. Ya ja baya ƙwarai. Abin da na ƙi shi ne yadda maza ke wanke hannunsu, su jibga wa mata laifin duka.

Mu fara da tuwon da ake kewa. Kafin malmala ɗaya ta shiga akushi, an surfa dawa a turmi, an bakace, an wanke, an shanya, an niƙa, an tankaɗe. An yi talge, an jira ya nuna, sannan aka tuƙa da muciya har damtse ya gaji. Daddawar da ke cikin miyar nan kuwa aikin kwanaki ce. Sai an dafa kalwa ta yi laushi, a sussuke ɓawonta, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta ruɓa ta yi wannan warin da ke komawa ƙamshi a tukunya, sannan a kirɓa a shanya. Babu wadda ta koyi wannan a littafi. Yarinya tana tsugune gefen murhu, ana aikenta miƙo maburgi, ana kwaɓarta in ta cika kanwa, a haka hannunta ke faɗawa. Kuma ba mace ɗaya ke wannan aiki ba. Gida ne babba, da uwar miji da faccaloli da 'yan mata, wata na daka wata na iza wuta. Yau an kai amarya gidan haya ita kaɗai, wataƙila ma tana koyarwa a makaranta ko tana aikin asibiti, a ce ta fito da abin da mata biyar ke haɗuwa su yi. Ina adalci a nan?

Duk da haka, 'yan uwana mata, akwai naku. Dunƙulen ɗanɗano ya zama mafakar ragwanci. Miyar kuɓewa, miyar kuka, jalof, wake da shinkafa, duk ɗanɗanonsu ya zama ɗaya, don abu guda ake marmasawa a ciki, uku ko huɗu a tukunya, a kuma ƙara gishiri a kai. Alhali shi dunƙulen nan gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Kowa ya auna da tukunyar gidansa, sannan ya duba layin masu hawan jini a asibiti. Ita ma taliyar 'yan yara, wato Indomie, da aka fara sarrafa ta a Najeriya a Ota ta jihar Ogun cikin shekarun 1990, ba ta shigo da sunan abincin dare ba. Mu muka naɗa ta. Yanzu akwai yaron da in an ajiye masa tuwon dawa sai ya yi kuka, kamar an hore shi.

Gidan cin abinci kuwa ba baƙon abu ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Tun kafin Mr Bigg's ya buɗe a Legas a 1986, muna da masu tuwo-tuwo a tasha, da masu gurasa a Kano, da masu masa a Bauchi, da mai fura a bakin kasuwa. Matafiyi da direba da ɗan kasuwar da ya yi nisa da gida, dole su ci. Abin da ya sauya shi ne magidanci da iyalinsa ke cikin gari, ya mai da waje gidansa. Da safe ya ajiye abin da bai isa sayen manja da tattasai ba, ya ce a yi maneji. Da rana ya zauna ƙarƙashin fanka ya ci shinkafa da rabin kaza, da dare ya biya wurin mai tsire shi kaɗai, ya goge baki kafin ya yi sallama. Sannan ya buɗe kwano ya ce miya ta yi lami. To da me za ta yi daɗi, Alhaji? Kakar da kake yabo, mijinta na kawo mata ƙashin miya da man shanu, rumbunsa kuma a cike yake. Na san rayuwa ta yi tsada, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Amma tsadar ba ta hana kuɗin tsire fitowa ba.

Babbar asara ma ba a harshe take ba. Ciyayya muka rasa. A da, in magariba ta yi, kowane gida ya fito da kwanonsa ƙofar gida, maƙwabta su haɗu su ci tare. Wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu, babu wanda ya gane. Baƙo ya ci, gwauro ya ci, almajiri ya sami ragowa da ɗuminta. A bakin kwanon nan yaro ke koyon wanke hannu da yin bisimilla, da cin gabansa, da barin nama sai babba ya raba. Abincin da aka ƙunso a roba, kowa da cokalinsa da wayarsa, ba ya koyar da ko ɗaya cikin waɗannan.

Saboda haka, maigida, kuɗin da kake kashewa kai kaɗai a waje, ka mayar da shi cefane, ka zauna ka ci da 'ya'yanka, in ya yi daɗi ka faɗa. Uwargida, ki jawo yaranki kusa da murhu, mata da maza, ko ranar da babu makaranta ce. In kuma akwai tsohuwa a danginku da ta iya daddawa ko alkaki ko nakiya, ku kai mata 'ya'yanku su koya tun tana da ƙarfin riƙe taɓarya.