Kaguwar Ƙarƙashin Teku

Ya ɗan'uwa, ka san kaguwar rafi da yaran Gozaki ke tonowa. Tana da 'yar'uwa can cikin tekun Fasifik, wadda aka gano a 2005, a zurfin mita 2,200. Dannin ruwan wurin ya fi na iska sau 200, duk da haka ba ya murƙushe ta. Ba taurin ɓawo ke cetonta ba. Jikinta cike yake da ruwa, babu kogon iska da zai lotse.

To, kai da dangi suka daina cin tuwo da kai domin Almasihu, ka ce za ka taurare zuciya. Ban yarda ba. Cika ta da addu'a tukuna. Gobe da sassafe je ka gai da baffanka, ko bai amsa ba.