KO YA KAMATA A SAKE GINA BENEN DA MAƘIYA SUKA RUSHE?

Wata rana ina koya wa masu shirin baftisma labarin hasumiyar Babila, sai wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tagwayen benayen nan na Amurka da aka rushe da jiragen sama, ba irin na Babila ba ne? In kuwa Allah ne ya rushe su, don me mutane suka sake yin gini a wurin?" Na ba shi amsa a taƙaice, amma tambayar ba ta bar zuciyata ba. Ina so mu yi tunani a kanta tare, gama ta shafi kowane mai bi da aka taɓa lalata masa abin da ya gina.

Bari mu fara tuna abin da ya faru. Ran Talata, 11 ga watan Satumba, 2001, mutum 19 suka ƙwace jiragen sama huɗu a ƙasar Amurka. Suka kai biyu daga ciki suka buga wa tagwayen benaye na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a birnin Niyok. Kowane bene hawa 110 ne, tsawonsa ya wuce mita 400, an kuwa yi bikin buɗe su a 1973. Jirgi na fari ya bugi benen arewa da ƙarfe 8:46 na safe, na biyu ya bugi benen kudu da ƙarfe 9:03. Kafin ƙarfe goma da rabi dukansu biyu sun zube ƙasa. Mutum 2,753 suka rasu a wurin, a cikinsu har da 'yan kashe gobara 343 waɗanda suka shiga domin su fid da waɗansu. Sai a watan Mayu na 2002 aka gama kwashe ɓaraguzan.

Kafin mu ci gaba, dole ne mu kawar da kuskuren da ke cikin tambayar saurayin nan. Ba mu da izini mu ce Allah ne ya hukunta waɗanda suka mutu. A zamanin Ubangijinmu Yesu wata hasumiya ta faɗi a Siluwam ta kashe mutum 18. A cikin Luka sura 13 Yesu ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi, sai ya juya maganar ga masu jinsa, ya kira su ga tuba. Waɗanda suka mutu a Niyok sun fito daga ƙasashe fiye da 90. Akwai attajirai, akwai kuma masu dafa abinci, da masu shara, da masu gadi. Akwai Kirista, da Musulmi, da Yahudawa, da waɗansu dabam. Mutane ne suka kashe su da gangan, kisan kai ne kuwa, Allah ya hana shi tun daga zamanin Kayinu. Don haka kada wani ya jingina wa Allah muguntar ɗan Adam.

To, da ƙura ta lafa, sai mutanen birnin suka rabu. Waɗansu suka ce a mai da benayen nan biyu yadda suke dā, a wurin da suke, in ma da hali a ƙara musu tsawo. Dalilinsu yana da ƙarfi. Wanda ya kawo hari yana so ya ga kango ne, ya kuma ga tsoro a fuskar mutane. In aka bar wurin ya zama kufai, an ba shi abin da ya zo nema ke nan, gobe kuma wani zai kwaikwaye shi. Ban da wannan, wajen mutum 50,000 ne suke aiki a cikin benayen kowace rana, unguwar duka kuma da su take ci. Mai sayar da abinci a bakin titi, da direban tasi, da mai gyaran takalma, duk suna da iyali. Rayayye yana bukatar abinci ko da a ranar makoki.

Waɗansu kuwa suka ce kada a aza ko tubali ɗaya. Yawancin masu wannan magana dangin mamatan ne, dalilinsu kuma yana sa jiki ya yi sanyi. Wajen mutum 1,100 daga cikin waɗanda suka rasu ba a gane ko ƙashi guda nasu ba. Matar da ba a ba ta gawar mijinta ba, ina za ta je ta yi kuka in ba wurin da ya faɗi ba? A gare ta filin nan makabarta ce. Wa zai yarda a kafa kanti a kan kabarin mahaifinsa? Mu tuna, abin da Ibrahim ya fara mallaka a ƙasar alkawari shi ne kogon Makfela, ya saya da azurfa shekel 400 domin ya binne Saratu. Mutanen Allah ba su taɓa ɗaukar wurin kwanciyar matattu da wasa ba.

Ga gaskiya nan ta kowane gefe. Da wace za mu tsaya? A ganina Littafi Mai Tsarki bai hana sake gini ba, bai kuma ce kowane sake gini daidai ne ba. Abin da yake dubawa shi ne zuciyar magini, da kuma wanda ake yin ginin dominsa.

Akwai wani abu da ya faru kashegarin harin wanda ya kamata ya sa mu lura. Ran 12 ga Satumba, 2001, shugaban masu rinjaye a majalisar dattawan Amurka, Tom Daschle, ya karanta Ishaya sura 9 aya 10 domin ya ƙarfafa zukatan jama'a. Ayar tana maganar mutanen da gininsu na tubali ya zube, suka ɗaura niyyar mayar da shi da sassaƙaƙƙun duwatsu. Na gaskata da kyakkyawar niyya ya karanta ta. Amma wanda ya duba ayar da ke gabanta zai ga annabin yana tsauta wa mutanen Ifraimu da Samariya ne, domin da girmankai suka faɗi haka. Masifa ta same su, ba su tsaya sun yi tambaya ba, ba su nemi Ubangiji ba, sai kawai suka ce za su yi wanda ya fi na dā. Wannan shi ne hatsarin da ke cikin maganar masu cewa a ƙara wa benen tsawo. In an yi gini domin a nuna wa maƙiyi isa, ashe har yanzu maƙiyin ne yake zana fasalin ginin. Magina Babila ma suna suke nema wa kansu, nan ne laifinsu yake. Tubali da katsi ba su da laifi.

Yanzu mu dubi wani magini dabam. Da Nehemiya ya ji garun Urushalima yana rushe, bai fara da awon tubali ba. Ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi kwana da kwanaki, ya furta zunubin jama'arsa har da na gidan mahaifinsa. Bayan haka ne ya tashi, aka gama garun cikin kwana 52. Ana tsakiyar aikin matalauta suka kawo kuka a kan bashi da jingina, bai ce su dakata sai an gama gini ba. Ya tara manya ya sa suka mayar wa mutane gonakinsu. Garun domin mutane ne, shi ya sa bai yarda a danne mutane domin garu ba.

Haka kuma a cikin Ezra sura 3, ranar da aka aza harsashin Haikali na biyu, matasa suka yi sowa don murna, tsofaffin da suka ga Haikalin Sulemanu kuwa suka fashe da kuka, har ba a iya rarrabe muryar murna da ta kuka. Ba wanda ya ce tsofaffin su yi shiru, ba kuma wanda ya hana matasa murna. A ganina wannan ne ma'aunin sake gini na gaskiya. Ya kamata ya ba rayayyu wurin aiki, ya kuma bar wa masu makoki wurin kuka.

Da wannan ma'auni sai mu auna abin da aka yi a Niyok. Bayan gardama mai tsawo, a 2003 aka zaɓi tsarin wani mai zanen gini, Daniel Libeskind. Filin eka 16 ne, aka keɓe wajen rabinsa domin tunawa da mamatan. A daidai gurbin benayen nan biyu ba a yi gini ba. An yi manyan ramummuka biyu masu kusurwa huɗu, ruwa yana gangarawa cikinsu, a gefensu kuma an rubuta sunayen mutum 2,983 a kan tagulla, har da mutum shida da bam ya kashe a wannan wuri a watan Fabrairu na 1993. Ba a jera sunayen bisa ga haruffa ba, an sa kowa kusa da abokan aikinsa ko waɗanda danginsa suka roƙa. An buɗe wurin ran 11 ga Satumba, 2011. A gefe kuma aka gina sabon bene wanda ya fi na dā tsawo, aka fara shiga cikinsa a watan Nuwamba na 2014.

Ina ganin an yi daidai da aka ƙi mai da tagwayen benayen yadda suke. Da an yi haka, yaron da aka haifa daga baya zai duba ya ce ba abin da ya taɓa faruwa a nan, wannan kuwa ƙarya ce da aka gina da ƙarfe. An kuma yi daidai da aka koyi darasi. A benen arewa jirgin ya datse matakala uku da ke akwai, ba ko mutum ɗaya daga saman wurin da ya tsira. A sabon benen an kewaye matakala da kankare mai kauri, an faɗaɗa su, an kuma ware wa 'yan kashe gobara tasu. Wannan ya dace da dokar Musa a Maimaitawar Shari'a sura 22, wadda ta umarci mai sabon gida ya yi wa rufinsa rawani don kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kansa.

Amma ba zan ɓoye abin da ya dame ni ba. An ƙayyade tsawon sabon benen ya zama ƙafa 1,776, wato mita 541, domin ya yi daidai da shekarar da Amurka ta yi shelar 'yancin kanta. An kashe masa kusan dala biliyan 4. Ƙaunar ƙasa ba laifi ba ce, amma tsakaninta da fahariya taki ɗaya ne. A gindin benen kudu kuma akwai wata 'yar majami'a ta Kiristan Otodoks na Girka mai sunan Nikolas Mai Tsarki, benen ya faɗa a kanta ya murƙushe ta. Ba a keɓe sabuwarta ba sai a 2022, shekara 21 bayan harin. Annabi Haggai ya taɓa tambayar mutanen da suka komo daga bauta don me suke zaune a gidaje masu ado alhali gidan Ubangiji yana kango. Abin da mutum ya fara ginawa shi yake nuna abin da ya fi ƙauna.

Kada mu ce wannan magana ta mutanen nesa ce. Benayenmu ba su kai nasu ba, amma mun san warin toka. Ran 16 da 17 ga Janairu, 2015, aka ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, rayuka kuma suka salwanta. Tambayar da ta sami mutanen Niyok ita ce ta sami ikkilisiyoyinmu. Daidai ne a sake gina ɗakin sujada, gama garken yana bukatar wurin taruwa, barin kango kuwa yakan koya wa yara tsoro. Amma duk dattawan ikkilisiya da suka zauna shawarar irin wannan gini, ya kamata su tambayi kansu abu uku. Muna so mu ƙara masa girma domin jama'a sun ƙaru ne, ko kuwa domin maƙwabta su gani su ji haushi? Mun fara duba gwauraye da marayu da waɗanda aka wawashe musu kaya kafin mu sayi siminti? Abin da za mu gaya wa 'ya'yanmu game da ranar nan, zai koya musu gafara ne ko ramuwa? Tunawa dabam, riƙo dabam. Mai tunawa yakan yi addu'a domin wanda ya cuce shi, mai riƙo kuwa yana jiran ranarsa.

Da na sake saduwa da saurayin nan, sai na tuna masa da Toma. Ubangijinmu ya tashi daga matattu da jiki mai ɗaukaka, duk da haka gurbin ƙusoshi yana hannuwansa, da na mashi a kuiɓinsa. Bai shafe su ba, bai kuma nuna su domin ya nemi fansa a kan waɗanda suka gicciye shi ba. Ya nuna su ne domin almajirinsa ya ba da gaskiya. Saboda haka amsata ita ce, i, a sake gini, gama mugu ba shi da ikon yanke wa gari kwanansa. Amma a yi ginin da tawali'u, a bar tabon a inda za a gan shi, a kuma sa ran mutum gaba da tsawon bene.

Allah ya ta'azantar da dukan waɗanda suka rasa nasu ta hannun masu kisa, ya ba shugabanni hikima, ya kuma tsare zukatanmu daga girmankai da ramuwa. Amin.