Shin Kiɗa Yana da Laifi?

A cikin ƙagaggen labarin da Leo Tolstoy ya rubuta a 1889, wani magidanci mai suna Pozdnyshev ya kashe matarsa saboda kishi, sa'an nan ya ɗora wani kaso na alhakin a kan kiɗan da ya ji ta kaɗa fiyano, wani baƙo yana jan goge. Kiɗan kuwa shi ne wanda Beethoven ya tsara a 1803, aka san shi da sunan "Kreutzer". Hujjar mutumin ita ce, kiɗan soja yakan ƙare da maci, na rawa ya ƙare da rawa, amma wannan yakan motsa zuciya ne kurum, ya bar ta ba mafita. Mu da muka san irin kallon da ake yi wa goge a ƙasar Hausa, wannan zargi ba baƙo ba ne a kunnenmu.

To, a ina laifin yake zaune? Turawa sun kasa mazaunin sauti gida biyu: "meja", wanda kunnensu ya saba ji da walwala, da "maina", mai kama da alhini. Babban bambancin da ke tsakaninsu shi ne rage rabin taki a sauti na uku. Gogen yakan buɗe kiɗan shi kaɗai, a natse, cikin A meja. Fiyano na shigowa sai ya karkatar da shi zuwa maina, daga nan a ɓarke da gudu. Abin da Beethoven ya rubuta a kan gudun kalma ɗaya ce ta Italiyanci, Presto, wato da sauri ainun. Bai sa adadi ba, domin na'urar auna gudun kiɗa ta Maelzel sai a 1815 ta fito. Ke nan makaɗi ne ke yanke hukuncin iyakar saurin, kuma shi ma yana da nasa kason.

Mu ɗauki faifan da aka naɗa ranar 13 ga Afrilu, 1940, a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington, inda Joseph Szigeti ya ja goge, Béla Bartók ya kaɗa fiyano. Kwana huɗu ke nan da sojojin Jamus suka afka wa Denmark da Norway, kuma a Oktoban shekarar Bartók ya bar Hungary, bai sake komawa ba har ya rasu a New York a 1945. Sukan ja kiɗan su sassauta yadda suka ga dama, har mai sauraro ya ɗauka gardama suke yi. Wanda ya san wannan tarihi, zullumin masu shirin ƙaura zai ji a inda Pozdnyshev ya ji cin amana, alhali rubutun kiɗan bai canza ba.

Duk da haka ba za mu ce kiɗa fanko ne ba, domin sauri yana tayar da jini ko mutum ya so ko ya ƙi. A ganinmu iyakar ikonsa ke nan. Kishin da ya kai ga wuƙa, da shi mutumin ya shigo zauren.

Zaluncin da tarihi ya tabbatar game da wannan kiɗa ma a wajen dandali aka yi shi. George Bridgetower, wanda mahaifinsa baƙar fata ne, shi ya fara jan gogensa tare da Beethoven a Vienna a 1803. Da suka ɓata, an ce a kan wata mace, sai Beethoven ya cire sunansa ya sa na Rodolphe Kreutzer, mutumin da bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba.