Guzurin Mai Tafiya Neman Ilmi

 

A wannan mako za mu duba wata mas'ala da ta shafi gidaje da yawa a nan Zango da sauran ƙasar Daura, watau shirin yaron da zai tafi ƙasar waje karatu. Da zarar takardar jami'a ta iso, sai hankalin kowa ya koma kan fasfo da biza da katin allurar rigakafi da kuɗin jirgi. Waɗannan duk wajibi ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Amma akwai tambayar da ta fi su nauyi, wadda ba safai ake yin ta ba: ilmin da yaron nan zai je ɗebowa, nasa ne shi kaɗai, ko kuwa na waɗanda suka aike shi ne?

Tafiya don ilmi tsohuwar al'ada ce ta Musulmi. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya tak. To, amma idan muka duba aya ta 122 ta Suratut Tauba, za mu ga an haɗa abu biyu wuri guda: fitar wasu daga cikin jama'a don su fahimci addini, da kuma gargaɗin mutanensu idan sun komo. Tun ba a fita ba an ambaci komowa. Malamai kuwa, irin su Imam Gazali, sun sanya likitanci da lissafi cikin farali na kifaya, watau wanda idan wasu suka ɗauke shi ya faɗi a kan saura, idan kuwa kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Ke nan wanda ya tafi koyon likita wakilin garinsu ne, nauyin da ke wuyan kowa shi aka ɗora wa.

Mu duba kuma inda kuɗin ke fitowa. Tun daga watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuɗin karatun waje ya ninka. A ƙasarmu ta noma, wani uban sai ya sayar da shanu, ko ya jinginar da gonar da yake samun geron shekara, ƙannen yaron su haƙura da nasu rabon. Wanda kuma gwamnati ta ɗauki nauyinsa, kamar ɗaliban da Jihar Katsina ta tura Masar karatun likita, da dukiyar talakawa ya tafi, har da ta matar ƙauye wadda ke naƙuda babu likita kusa. Yaya za a ce wanda ya ci wannan guzuri ba shi da bashi a kansa?

Wani zai ce, ai ilmi ba shi da iyakar ƙasa, kuma Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafin nan na Katsina, a Alƙahira ya rasu a 1741, ga shi har yau ana alfahari da shi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Shari'a ba ta ɗaure mutum a garin haihuwarsa ba, kuma wanda ya tafi da guminsa, bai yi wa kowa alkawari ba, yana iya zama inda Allah Ya ajiye abincinsa, muddin bai yanke zumunci ba, bai kuma bar iyayensa cikin wahala ba. Amma wanda ya sa hannu a takarda cewa zai komo ya yi aiki, ko ya faɗa wa mahaifinsa haka baki da baki, to, alkawari kaya ne, yawan albashin wata ƙasa ba ya sauke shi. Marigayi Shehu Abubakar Gumi ya je Bakhtur Ruda ta Sudan a 1954, ya komo ya karantar, ya yi alƙalanci, ya fassara Alƙur'ani da Hausa. Da ya zauna can, da mu ne da hasara.

Saboda haka shiri na gaskiya shi ne uba ya zaunar da ɗansa tun kafin a sayi tikiti, a fayyace komi. Me za a karanta, kuma wa zai amfana? Kuɗin nan kyauta ne, ko rance ne, ko gādon 'yan'uwa ne aka taɓa? A rubuta, a sa shaidu. A bincika ko hukuma ta yarda da makarantar, domin a watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo saboda cinikin takardun bogi, takardar da ba ilmi a bayanta kuwa shaidar zur ce. A kuma tanadi kuɗin komowa, domin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya kori ɗalibanmu daga Khartum ba shiri. Sa'an nan yaro ya san hukuncin tsarki da salla da halal da haram, gama can babu mai tashinsa da asuba sai tsoron Allah.

Ya kai ɗalibi, ka tuna ma'anar sunan garin nan namu. Zango shi ne inda fatake ke sauke kaya su huta, gari ya waye su ɗaura su ci gaba. Ka riƙi ƙasar da za ka a matsayin zango, ka ɗebi abin da ka je nema, ka tuna da masu jiranka.

Allah Ya kai 'ya'yanmu lafiya, Ya komo mana da su da ilmi mai amfani, amin.