Baƙo Da Mai Gida: Abin Da Na Gano A Zanzibar



Ƴan uwa, wata tambaya ce ta hana ni sakat tun da na dawo daga Zanzibar, na ce bari in kawo ta nan mu tauna tare. Idan mutane suka fara cin abinci da tarbar baƙi, me yake saura na karamcinsu? Kuma tsakanin mai biya da mai karɓa, wa ya zama mai gida?

Sau biyu na taka tsibirin nan, tsakanin zuwan farko da na biyu akwai sama da shekara 25. Na farkon wani abokin karatuna ne a Khartoum ya ja ni, ɗan asalin can, Allah Ya jiƙansa. Muka hau jirgin ruwa daga Dar es Salaam, ni ɗan tudu da ban taɓa ganin teku ido da ido ba sai salati nake, shi kuwa sai dariya yake mini. Muna sauka ƙamshin kanumfari ya tare mu tun daga bakin tasha. Tsohon garin, wanda ake kira Stone Town, lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa. A ƙofar kusan kowane gida akwai dakali, su suna ce masa baraza, nan dattawa ke zama bayan La'asar suna kurɓar gahawa a ƴan mitsi-mitsin kofuna. Mutanen galibinsu Shafi'awa ne, da Asuba liman ya ɗaga murya da alƙunutu, sahu ya ɗauka da amin. Ni da na taso a Malikiyya sai na ji abin ya ratsa ni.

Daga nan ya kai ni garin kakanninsa na wajen uwa, Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin. A lokacin ƙauye ne na masunta da masassaƙan jiragen ruwa. Za ka ga mutum da gizago yana fafe katako a inuwar kwakwa, yara na karatun allo, mata na tsintar abin miya a bakin ruwa idan teku ta ja baya. Akwai Turawa jefi-jefi a wasu ƴan bukkoki, amma garin na masu shi ne. In za ka shiga gida sai ka ce "hodi", a amsa maka da "karibu", wato maraba. Kwana huɗu na yi a gidan wata tsohuwa, ban san adadin kwakwa da kifin da na ci ba. Ranar tafiya na dunƙule ƴan kuɗi zan ba ta, wallahi sai ta ɓata rai kamar na zage ta. Abokina ya ce mini in mayar da kuɗina aljihu kafin in ja masa faɗa.

Bara na koma, ta'aziyyar abokin nan ce ta kai ni, ko da yake na makara da watanni. Babban ɗansa ne ya tarbe ni. A wani otal yake aiki a Nungwi, ya dage sai na kwana biyu a can don ya samo mini rangwame. Subhanallah, ban gane garin ba. Inda na san masassaƙa, katangu ne a jere da masu gadi. Kiɗa har kusan kiran assalatu. Mutane na yawo da shigar da ba zan iya siffanta muku ita a nan ba, suna giftawa ta gaban mata masu lulluɓi ba ko a jikinsu. Kalmar karibu kuwa tana ko'ina, a jikin allo, a jikin riga, a bakin yaran da ke bin ka da tallan tsaraba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. A cikin otal ga tafkin wanka shuɗi fes, ana ba furanni ruwa da tiyo safe da yamma. Ka fita ƙofar baya ka yi tafiyar minti biyar, ga mata da yara a layi da jarkoki masu ruwan ɗorawa. Ƙasar tsibirin dutsen murjani ne mai ramuka, ruwan daɗin da ke ƙarƙashinta bai da yawa. In aka yawaita zuƙar sa da injina, ruwan teku ne ke kutsowa ya maye gurbinsa, rijiyar talaka ta koma gishiri.

Da dare muka zauna da yaron nan, ni kuma halin malamai ya motsa, na kama wa'azi. Na ce an sayar da garin kakanninku, an sayar da kunya, an mayar da maraba hajar kasuwa. Ya yi shiru har na gama, yaro ne mai ladabi. Sannan ya ce, "Ami," wato baffa, "duk abin da ka faɗa na gani, ni nake kwana a cikinsa. Amma tsohuwar da ta ƙi karɓar kuɗinka, ƴaƴa nawa ta binne saboda babu kuɗin mota zuwa asibitin birni? Jinyar babana da albashin otal ɗin nan na yi ta. Ƙannena mata biyu da shi suke karatu. Kai ka zo ka yi kwana huɗu ka ji daɗi ka tafi da labari. So kake mu zauna yadda ka bar mu don labarinka ya ci gaba da daɗi?"

Ƴan uwa, na rasa ta cewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daren nan ban yi barcin kirki ba, domin yaron ya taɓo wani abu da ban taɓa tuhumar kaina da shi ba. Ashe cikin kukan da nake yi wa garin akwai son kai. Ina son in dawo in tarar da hoton da na ajiye a zuciyata yana nan, ban tambayi nawa masu hoton suke biya ba.

Kuma in za a yi adalci, jiyan ma ba aljanna ba ce. Zanzibar ɗin nan ta kasance babbar kasuwar bayi ta gabashin Afirka har zuwa 1873 da aka rufe kasuwar, kuma gumin bayi ne ya raya gonakin kanumfarin da ake taƙama da su. A juyin juya halin 1964 an kashe dubban mutane, wasu da yawa suka yi hijira. Yawon buɗe ido ma ba haka kawai ya faɗo daga sama ba. Kanumfari ne jigon tattalin arzikinsu, farashinsa ya karye a kasuwar duniya a shekarun 1980, gwamnati ta buɗe ƙofa ga masu zuba jari, Italiyawa da wasunsu suka shigo suna gina otal a bakin ruwa. A 2000 UNESCO ta sa Stone Town cikin wuraren tarihi na duniya. Zuwa 2019 baƙin da ke shiga a shekara sun haura rabin miliyan, a wurin da mutanensa gaba ɗaya ba su cika miliyan 2 ba a ƙidayar 2022. Wanda yunwa ta koro zuwa wata sana'a, kafin ka yi masa wa'azi sai ka fara sanin yunwar.

To amma shi ke nan, sai mu ce tunda akwai albashi komai ya halatta? A'a. Nan ne na daɗe ina juya maganar.

Karɓar kuɗi a kan masauki ba laifi ba ne a shari'a, haya ce kamar kowace haya. Mu ma mun san fatoma a tarihin fataucinmu. Fatake su sauka a gidansa, ya ba su ɗaki da abinci, ya haɗa su da masu saye, ya karɓi la'adarsa. Amma fatoma yana nan a matsayinsa na mai gida. Baƙon da ya zo da ɗabi'ar banza, zai iya ce masa tattara kayanka. Baƙo ya san akwai ƙofar da ba a leƙawa, akwai lokacin da ba a ɗaga murya. Kuɗi na shiga tsakaninsu, girma kuma na nan a inda yake.

Abin da na gani a Nungwi shi ne wannan ikon na cewa "a'a" ya suɓuce daga hannun masu gari. Yawancin manyan otal ɗin ba nasu ba ne. Baƙo ya biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci tun daga ƙasarsu, abin da ke sauka a hannun ɗan gari ɗan tsaki ne. Wanda ya sayar da filinsa na bakin ruwa ya cinye kuɗin tuntuni, yanzu jikansa ne ke share filin. Masunci na lallaɓawa da kwale-kwalensa ta gefen inda kakansa ke shanya koma. Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ma'aikacin da aka koya wa murmushi ko an zage shi, ya san ranar da ya ɗaure fuska ranar zai rasa abincinsa. Har gwamnatinsu sai da ta fito a 2021 ta ce za a ci tarar masu yawo tsirara-tsirara a cikin gari. Ka ga abin da a da kallon dattijo ɗaya ke hanawa, yau sai an kafa masa doka.

Akwai kuma abin da baƙo ke zaɓa ya gani, wanda a hankali shi ne garin ke koyon nunawa. A Kizimkazi, kudancin tsibirin, akwai masallacin da rubutun Kufi na jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107 Miladiyya. Motoci na wucewa ta kusa da shi da sassafe cike da masu zuwa kallon kifin dolfin, kaɗan ne ke tsayawa. A Stone Town kowane ɗan rakiya zai nuna maka gidan da ake dangantawa da mawaƙin nan Freddie Mercury, wanda aka haifa a garin a 1946. Sai ka yi da gaske kafin a ambata maka Sheikh Abdullahi Saleh Al-Farsy, ɗan garin, wanda ya yi alƙalanci kuma ya fassara Alƙur'ani da harshen Swahili. Yaro na tasowa yana lura da abin da ake biyan kuɗi a kalla a garinsu, daga nan yake koyon abin da ke da daraja.

Saboda haka amsar da na samu, wallahu a'alam, ita ce karamci na iya zama tare da kuɗi matuƙar abu uku na hannun mai gida: ruwansa, hanyarsa, da bakinsa. Ya sha kafin a cika tafkin wanka, domin hadisi ya sanya ruwa cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu. Ya isa bakin tekunsa da maƙabartarsa da masallacinsa ba tare da roƙon mai gadi ba. Ya iya cewa wannan ba a yin sa a garinmu, kuma a ji. In waɗannan suka tafi, ko ana ta faɗin karibu, mai faɗin ya zama bara a gidan ubansa.

Kada wani ya karanta wannan ya ce ai laifin Turawa ne. Ni da nake muku rubutun nan kwana biyu na yi a cikin katangar, na sakar wa kaina ruwa a banɗaki yadda na ga dama, sai a rana ta biyu na ga layin jarkoki. Na tsaya ina taya wata tsohuwa mai sayar da zannuwa har sai da ta rage abin da bai kai kuɗin shayina na otal ba, ina jin wai na iya ciniki. Na ɗaga waya zan ɗauki wasu yara ƴan makarantar allo hoto, ban tambayi kowa ba, sai da malaminsu ya ɗago ya kalle ni na ji kunya ta rufe ni. Yau ƴan uwanmu da yawa na zuwa Zanzibar hutu, amare da angwaye na zuwa, muna ganin hotuna. Sallarmu ɗaya da mutanen can, amma hakan bai hana mu zama irin baƙon da muke zargi ba.

Addininmu ya yi maganar haƙƙin baƙo, har ya ƙayyade masa kwana uku na liyafa. Ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa. Wannan rabin na biyu shi muke mantawa, musamman in muna jin ai kuɗinmu muka biya. Kuɗinka ɗaki ya kama maka da abinci. Mutuncin mai kawo maka abincin ba ya cikin lissafin, haka rijiyar unguwarsu.

Don haka in Allah Ya hore maka tafiya, can ko wani wuri, ga ƴar nasiha. Nemi masaukin da ƴan gari suka mallaka in akwai. Ci abinci a inda suke ci, ka saya a hannunsu, kada ka matse talaka a ciniki. Yi tsimin ruwa kamar kai ke ɗebo shi. Nemi izini kafin ka ɗauki mutum hoto. Fita daga katanga ka yi sallah a masallacin unguwa, ka gaisa da liman, ka tambayi tarihin wurin. Ma'aikacin da ke maka hidima ka san sunansa, ka yi masa sallama irin ta ɗan uwa.

Ranar da zan taho yaron nan ya raka ni tashar jirgi. Na ce masa, "Ɗana, ka yafe mini maganar daren nan." Ya yi dariya ya ce yana tara kuɗi, burinsa ya gina ɗakuna huɗu a filin babansa ya riƙa saukar da baƙi da kansa, ba giya, kuma duk wanda zai shigo sai ya ce hodi. Ban san ko zai iya gogayya da masu manyan katangu ba. Na dai yi masa addu'a, ina roƙon ku ma ku sa shi a taku.

Allah Ya jiƙan mahaifinsa da tsohuwar da ta ciyar da ni, Ya jiƙan namu iyayen. Allah Ya ba mutanen Zanzibar arziki na halal da ba zai ci mutuncinsu ba, Ya sa mu zama baƙin da ake jin daɗin zuwansu. Wanda ya taɓa zuwa can, ko yake zaune a garin da baƙi suka yi wa yawa, ina son jin yadda ya ga abin.